Turaren Kan Dutse

A ambulan ya zo, ba a buhu ba,
ƙwayoyi ƙanana kamar garin taba.
Ofisan gandun daji ya miƙa wa Baba Ilu,
ya ce, "Wannan ba turaren da ka sani ba ne.
A garinsu kan tsauni yake fitowa,
inda ƙanƙara ke kwana bisa reshe
har hantsi ya yi ba ta narke ba."

Baba ya dubi rana, ya dubi ofisa:
"To, a Riruwai wa zai ba shi ƙanƙara?"
Amma ya karɓa.
Shi dai ba ya mayar da iri.

Arba'in da uku suka tsiro a leda,
ni na ƙirga, ina 'yar shekara tara,
ni ke riƙe masa gwangwanin ban ruwa
da ya huda da ƙusa.
Sai bazara ta zo karɓar nata.
Kowace safiya mu zazzage leda biyu, leda uku,
ƙasar da ɗumi kamar tokar murhu.
Ran da hadarin fari ya haɗo
saura ɗaya,
ganye shida, ɗaya ma ya ƙone a baki.

Shi ne ya saɓa a kafaɗa ya hau dutse,
ya wuce tsoffin ramukan kuza,
ya sami tsagi inda rana ke makara,
inda iska ke sa mutum ya ja mayafi.
"Iyakar sanyin da nake da shi ke nan," in ji shi,
"ka yi haƙuri, baƙo."

'Yan uwansa na bakin titi sun miƙe sambal,
shekara biyar an sare, an yi rufin shago,
an yi turakun rumfa, an ƙirga kuɗi.
Shi kuwa ya karkace, ya murɗe,
ya durƙusa kamar mai neman allura.
Masu itace suka hau, suka sauko da dariya:
ko ƙotar fartanya ba za a fitar ba.

Ba su tsaya sun ga jikinsa ba.
Ɓawo na saɓulewa da kansa,
nan fari, nan toka-toka, nan ja-ja,
in ruwa ya jiƙa shi sai ka ce an yi rini.
Inna Tabawa kan aike ni ganye in mura ta kama gida,
mu duƙa kan tukunya, a lulluɓe mu da zane,
mu fito muna hawaye, hanci a buɗe.

Na taɓa tambayar Baba ko itace na kewa.
Bai amsa ba. Yana ɗaure bakin jarka.
Sai da muka kai rabin hanya ya ce,
"Wanda aka gina don jure sanyi,
aka ba shi zafi ya jure,
ban san sunan wannan ba, Hansai."

Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa.
Gandun renon ya zama garejin babura.
Ambulan ɗin na cikin adakata,
rubutun ya koɗe, ba mai karanta shi.

Turaren bai taɓa fure ba.
Wataƙila yana jiran wani dare ne
da ba ya cikin dararenmu.

Duk da haka in bazara ta matsa,
gwiwata na ƙara, ina hawa.
Jarkar ta fi da nauyi, ko ni ce.
In zuba a gindi, in ji ƙasa na sha,
in murza ganye ɗaya a tafin hannu,
in zauna har numfashina ya dawo.
Jikata Uwale ta fara bina.
Jiya ta ce itacen mummuna ne,
ta kuma ce gobe ita za ta ɗauki jarkar.